Notin da ya ƙi kwantuwa: tambayoyi da amsoshi kan kayan aikin gyaran mota da ƙusoshi masu baƙon kai

Tambayoyin nan na tara su ne daga bakin yaran gareji da masu motocin da ke zuwa wurina. Wasu kuma ta waya suke zuwa, yawanci da hoton kan ƙusar da aka riga aka cinye, a ƙasa an rubuta "Oga, yaya za a yi?" Cikin irin waɗannan hotuna, da wuya ka ga wanda tsatsa ce kaɗai ta yi ɓarnar. Kusan kullum sufanar da ta kusa yin daidai ce aka sa, ta shiga, aka danna.

A gareji komai noti muke ce masa. Amma a nan zan raba su don kada mu rikice: noti shi ne macen, ƙusa ita ce namijin, barima kuma ita ce zaren da ke jikinsu, wanda wasu ke kira tiredi.

Oga, na sayi mota. Waɗanne sufanu zan fara ajiyewa a but?

Faɗa mini ƙasar da aka zana motar tukuna. Idan Toyota ce ko Honda ko Nissan ko Mazda, lambobinka su ne 8, 10, 12, 14, 17, 19, sai 21 na taya a Toyota. Da waɗannan za ka kwance kusan rabin motar. Idan ta Turai ce, Golf ko Peugeot ko Opel ko Marsandi, to 13 ce uwar ɗaki, tare da 10, 11, 16, 17, 18 da 19, kuma ba za ka yi nisa ba sai ka ci karo da kan tauraro.

Dalilin bambancin shi ne kowane yanki da ƙa'idar da masana'antunsa ke bi. Ƙusa mai kaurin milimita 8, Japanawa suna yi mata kai mai lamba 12, Jamusawa 13. Mai kaurin 10, a Japan 14, a tsohuwar ƙa'idar Jamus 17, a sabuwar ƙa'idar duniya 16, wasu motocin Amurka kuma 15. Shi ya sa in na buɗe bonet ɗin Corolla na ga kai mai lamba 13, na san wani ya riga ni zuwa wurin, kuma ba da ƙusar motar ya mayar ba.

Ka haɗa da filaya, sukundireba mai faɗi da mai giciye, jak mai lafiya, da fitila. Wajen sufana kuma ka fifita mai zobe, wato ringi, a kan mai buɗaɗɗen baki. Buɗaɗɗen baki gefe biyu kawai yake kamawa. Ita kuwa sufanar nan mai dunƙule da ake ƙara wa baki ko a rage, ta famfon gida ce, kada ta taɓa inji.

Motata daga Amurka aka kawo ta. Sai na nemi sufanun inci ke nan?

A'a. Camry da ake haɗawa a Kentucky tun 1988 milimita ce daga bamba zuwa bamba, haka ma Accord ta Ohio. Motocin Ford da Chevrolet na yanzu su ma sun koma milimita. Tsofaffinsu ne za ka tarar da gauraye, inji da inci, jiki da milimita.

Amma ka san lissafin, don a kasuwa sufanun a cakuɗe suke a tire ɗaya. Inci 3/4 milimita 19.05 ne, ya zauna daidai da 19. Inci 5/16 kuwa 7.94 ne, ya yi wa 8. Matsalar tana wajen 1/2, wanda yake 12.7: ya yi wa 12 yawa, ya yi wa 13 kaɗan. Haka 9/16, wato 14.29, zai shiga kan 14 yana ɗan rawa, kuma wannan 'yar rawar ce ke mulmule kusurwoyin kai.

Inci yana ɓuya a wuraren da ba a zato. Ramin da hannun soket ke shiga, da inci ake auna shi a duk duniya, yawanci 1/4 ko 3/8 ko 1/2, ko da soket ɗin na Jamus ne. Ƙusar da ke riƙe bel ɗin kujera a motoci da yawa, har na Japan da Turai, inci 7/16 ce mai siririyar barima. Sannan akwai tsohon ma'aunin Ingila da Joseph Whitworth ya fitar a 1841, wanda har yau za ka gamu da shi a tsofaffin Land Rover da injinan Lister na niƙa. Jikan wannan ma'aunin, na bututu, shi ne a jikin sensar baƙin mai ta motocin Japan: layi 28 a inci ɗaya. Ta Amurka layi 27 ce. Da ido ba za ka bambance su ba, sai ka ɗaura ka ga mai yana tsattsafowa.

Me ya sa sukundireba mai giciye yake zamewa yana cinye kan sukuru, musamman a motocin Japan da babura?

Domin giciyen iri uku ne, mu kuwa da sukundireba ɗaya muke bin su duka.

Na farko Phillips, sunan ɗan kasuwar Amurka Henry Phillips da ya yaɗa shi, kuma kamfanin General Motors ya fara sa shi a Cadillac a 1936. Haƙoransa a karkace suke, suna tsukewa zuwa baki, saboda haka da ƙarfi ya yi yawa sai ya turo kansa waje. Na biyu na Japan, ana ce masa JIS. Kusurwoyin raminsa a tsaye suke, ramin kuma bai kai na Phillips zurfi ba. Sau da yawa za ka ga ɗan ɗigo ɗaya a gefen giciyen, shi ne alamarsa. In ka sa Phillips a ciki, tsininsa zai taɓa ƙasa kafin haƙoran su zauna, sai ya riƙa kama leɓen ramin kawai. Juyi biyu, kai ya zama rijiya. Duk wanda ya taɓa buɗe kafiretar babur ya san wannan baƙin ciki. Na uku Pozidriv, na Turai, wanda ke da ƙananan layuka huɗu a tsakanin hannuwan giciyen, kamar an zana tauraro a kai. A jikin sukundirebansa za ka ga PZ, na Phillips kuma PH.

In ka samu sukundireba na Japan, irin na kamfanin Vessel, riƙe shi da kyau, don yana aiki a kan JIS da Phillips duka. In ba ka samu ba, ɗauki PH2 ka ɗan goge tsininsa a dutsen wasa wuƙa, kaɗan kawai, yadda haƙoran za su nutse. Ɗan man nan mai yashi-yashi da ake gurza bawul da shi, in ka shafa a bakin, yana ƙara masa kamu.

Su kuwa sukurorin nan biyu da ke riƙe faifan birkin Honda, kada ka ma fara da hannu. Akwai sukundireba mai kauri da ake bugawa da guduma, bugun yana danna shi ciki yana kuma juya shi a lokaci guda. Shi ne maganinsu.

Kan tauraro fa? Na ga wani ramin tauraro ne, wani kuma kan ne da kansa tauraro.

Sunansa Torx, kamfanin Camcar Textron na Amurka ya fito da shi a 1967. Tsini shida gare shi, kuma an yi shi ne don ya ɗauki ƙarfi ba tare da ya turo waje ba. Mai rami lambarsa da T take farawa: T20, T25 da T30 a dashbod da ƙofofi da fitilu, T40 zuwa T55 a kujeru da birki da inji. Wanda kan ne tauraro, E ake rubuta masa, E8, E10, E12, E14 har sama, kuma sun cika injinan Marsandi da BMW da Opel. Lambar T da ta E ba su da dangantaka, kada ka ce T40 zai ba ka labarin girman E.

Abu biyu ke kashe shi. Na farko, lambar da ke ƙasa da ta gaskiya tana shiga. T25 zai shiga ramin T27, T27 zai shiga na T30, T45 zai shiga na T50, kuma duk za su juya ƙusar da ba ta ɗauru ba, sai ka ɗauka ka dace. Ƙa'idata ita ce in gwada babba tukuna, in riƙa saukowa har in sami wanda ya shiga ba ya motsi. Na biyu, ƙasa. Ƙurar hunturu da laka da giris suna cika ramin har rabi. Tsaya ka ƙwaƙule shi da tsinken waya, ka hura, ka sa bakin, ka ɗan buga masa guduma ya zauna har ƙasa.

Akwai mai ɗan tsinke a tsakiyar ramin, wanda aka yi don hana taɓawa, shi sai baki mai huda. Akwai Torx Plus mai faffaɗan haƙora, lambarsa IP. Akwai ma mai tsini biyar a jikin wasu sensocin iska na motocin Jamus. Ƙirga tsinin kafin ka aiki yaro kasuwa.

Mai E kuma, na san ana dannawa da soket na yau da kullum mai kusurwa 12, wani lokaci a dace. A ƙusar murfi ba komai. A ƙusar giyabos ko ta sitata da ke can lungu, inda ba ka ganin abin da hannunka ke yi, in ta mulmule ka sayi aikin kwana biyu.

Na ƙirga tsini 12 a cikin ramin. Wannan kuma mene ne?

Nan ne kama da wane ba ta wane. Masu tsini 12 iri biyu ne a motocin da ke yawo a hanyoyinmu.

Ɗaya XZN, na Jamusawa. Ka ɗauki murabba'i uku ka ɗora su a kan juna a karkace, ka sami tsini 12, kowanne kusurwarsa digiri 90. Lambarsa M ce: M6, M8, M10, M12, M14. Shi ne a ƙusoshi shida da ke haɗa shaf da giyabos a Golf, da kujeru da birkin baya na Volkswagen da Audi na baya-bayan nan. Ɗayan kuma kusurwa shida ne guda biyu aka ɗora, tsininsa ya fi faɗi, digiri 120. Shi Toyota ta sa a ƙusoshin tof silinda, wato kan inji, na injin 1ZZ na Corolla da 2AZ na Camry, lamba 10. In ka sa M12 na XZN a na Toyota zai shiga, har ka ji kamar ya kama.

Ni kaina a kan Golf 3 ta haya na koyi wannan karatu, ina yaron gareji. Maigidana ya tafi sallar La'asar, ya ce in cire shaf kafin ya dawo. Na leƙa ƙasa, na ga rami cike da baƙin giris, na ce tauraro ne, na ɗauko T40. Biyar suka fito, don dama wani ya taɓa kwance su. Ta shida na ja, na ji ta yi laushi a hannuna kamar tuwo. Da ya dawo bai yi faɗa ba. Ya sa aka kawo kananzir da tsohon burushin haƙori, ya wanke kan ɗaya daga cikin biyar ɗin, ya miƙo mini, ya ce, "Ƙirga." Na ƙirga sha biyu. Ya ce, "Naka nawa ne?" Na ce shida. Ya ce to sauran shidan wa ka bar wa? Har bayan Magariba ina kwance a ƙasa da cizal da guduma, direban yana zaune a benci yana lissafa mini lodin da ya rasa.

Ban da waɗannan akwai Polydrive a tof silindan wasu injinan Volkswagen, da Ribe a Fiat, masu haƙora shida masu faɗin baki. Sun yi kama da Torx sosai. Ba ruwansu da shi.

Alanki fa, ai shi ba shi da wata matsala?

Alanki shi ne ƙarfen nan mai kusurwa shida da ke shiga ramin kan ƙusa. Matsalarsa lamba 7. Sandunan da kalifar birki ke zamewa a kansu, a Volkswagen da BMW da Ford na Turai da yawa, alanki 7 ne, kuma yawancin saitin kasuwa daga 6 suke tsallakawa zuwa 8. Sai yaro ya ɗauko na inci 1/4, wato 6.35, ya cinye ramin. Sayi 7 ɗin shi kaɗai, na kan soket. Mai dunƙulallen baki kuma, wanda ke shiga a karkace, na juya ƙusar da ta riga ta saki ne, ba na karya ɗauri ba.

Da gaske akwai notin da ake kwancewa ta dama?

Akwai. Tayoyin gefen hagu na Canter da Isuzu da wasu manyan motocin Japan barimar hagu gare su, kuma za ka ga harafin L a kan ƙusar ko a jikin notin, na dama kuma R. Babban notin fankar inji a BMW masu silinda shida na da, lamba 32, shi ma haka. In noti ya ƙi motsi kuma ba ka ga tsatsa ba, goge kansa ka karanta kafin ka nemo fayif. Na ga ƙusoshin Canter uku da aka karya a jere, mutum uku suna hawa fayif ɗaya, suna ta ɗaure abin da suke zaton kwancewa suke.

Mai faci yana hawa kan fayif in zai ɗaure taya. Ba hakan ya fi aminci ba?

Bari mu yi lissafi. Ana auna ƙarfin ɗauri da Nm. Notin tayar Corolla 103 yake so, na Accord da Civic 108, na Golf 120. Mutum mai kilo 70 in ya tsaya a ƙarshen fayif mai tsawon mita ɗaya, ya ba notin kusan 690. Wajen ninki bakwai ke nan, tun kafin ya fara tsalle. Ƙusa ƙarfe ce mai ɗan miƙewa ta dawo, wannan miƙewar ce ke riƙe taya. In aka ja ta ta wuce iyaka ba ta dawowa, sai ta sirance a wuya, ta jira ranar da za ka faɗa rami da gudu. Ko ba ta karye ba, ranar da taya ta fashe maka tsakanin Zariya da Funtuwa da dare, 'yar sufanar da ke but ba za ta iya da ita ba.

Ita waccan 'yar sufanar da ta zo da motar, tsawonta wajen santimita 30 ne da gangan. Nauyin kilo 35 a ƙarshenta ya ba ka 103. Wato ka danna da hannu da nauyin kafaɗarka, ya isa. Ka ɗaure a tsallake, wannan sannan na gabansa ta ɗaya ɓangaren, ba a jere ba. Kada a shafa wa barimar giris ko baƙin mai, don adadin da kamfani ya bayar na busasshiyar barima ne. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka sake bi.

Duk garejin da ke buɗe inji ya kamata a ce yana da sufanar awo, mai yin ƙas in an kai adadi. Ƙas ɗaya ake so, ba uku ba. Ba a kwance noti da ita, kuma in an gama a mayar da ita ƙaramar lamba kafin a ajiye.

Notin tayata ɗaya ya ɓace. Zan iya sa na kowace mota?

Duba abu biyu. Barima: Toyota da Honda kaurin milimita 12 ne mai tazarar 1.5 tsakanin layi da layi, Nissan da Subaru 12 mai tazarar 1.25. Sai mazauni, wato inda notin ke taɓa wili. Wani a tsuke yake kamar mazurari, wani a dunƙule kamar ƙwallo, irin na Honda da Volkswagen da Marsandi, wani kuma a shimfiɗe da washa, irin na wilin alminiyom na Toyota. Notin Toyota zai hau ƙusar Honda lafiya lau, amma a kan siririn layi kawai zai zauna, ya riƙa cin wilin yana saki.

In motarka tana da noti ɗaya mai baƙon zane a kowace taya, na hana sata ne, kuma da makullinsa ya zo. Nemo shi yau, a aljihun dashbod ko wajen safaya. Motoci da yawa suna sauka daga Kwatano babu shi. In babu, a cire su a gareji da rana tsaka, a sa na yau da kullum.

Lambobin da ke kan ƙusa, 8.8 da 10.9, na mene ne?

Ƙarfin ƙarfen ne. Ƙusa mai kaurin 10, in 4.6 ce tana tsinkewa a wajen tan 2 da 'yan kai, in 8.8 ce sai wajen tan 4 da rabi, in 10.9 ce wajen tan 6. Ta inci layuka take da su a kai, uku matsakaiciya, shida mai ƙarfi. Toyota tana da nata alamun, za ka ga lamba ɗaya kamar 4 ko 7. Wadda ba ta da komai a kai, mai ƙyalli, ta masu ƙofar ƙarfe da gadaje ce. Kada ta kusanci birki, ko sitiyari, ko ƙafar mota.

Sannan ko kauri ya zo ɗaya, tazarar barima tana bambanta. Mai kaurin 10 a motar Japan yawanci 1.25 ce, ta shagon kayan gini 1.5. Haɗa tsohuwar da sabuwar, barima cikin barima, ka ɗaga su wajen haske. In haske yana ratsawa, ba ɗaya ba ne. Kowace ƙusa kuma da yatsu ake fara ta. In ta cije bayan juyi biyu, fito da ita. Ni dai gara in je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna in tsinci tsohuwar ƙusar da aka cire daga irin motar, da in sa sabuwar da ban san asalinta ba.

An ce wasu ƙusoshin sau ɗaya ake ɗaura su. Ba dabarar cin kuɗi ba ce?

Wasu kam gaskiya ne. Alamarsu ita ce littafin motar ya ba ka adadi sannan ya ƙara da digiri. Tof silindan injin dizal 1.9 na Volkswagen, alal misali, Nm 40 ne, sai 60, sai kwata na juyi, sai wani kwatan. Wannan juyin na ƙarshe da gangan yake miƙar da ƙusar, kuma ta miƙu ke nan. In ka mayar da ita, ko ta tsinke a cikin bulok, ko ta kasa danne gasket, bayan wata biyu ruwa ya haɗu da mai a ce gasket ɗin ne jabu. Toyota a injin 1ZZ ta ce 49 sannan digiri 90, amma ta yarda a auna ƙusar, in ba ta wuce iyaka ba a mayar. Wajen digirin, ɗiga fenti a gaban kowane kai, ka juya har ɗigon ya kalli gefe.

BMW kuma a injin N52 ta sa ƙusoshin alminiyom, saboda jikin injin da magnesiyam aka yi shi, ƙarfe yana cin sa. Da yawansu kansu shuɗi ne, kuma mayen ƙarfe ba ya kama su. Su ko tambaya babu, sababbi ake sawa.

To ya riga ya faru. Kai ya mulmule, ko ƙusa ta karye a ciki.

Tsaya haka, kada ka ƙara ko juyi ɗaya da abin da ya ɓata shi. In kai ne ya fara mulmulewa, nemo soket mai kusurwa shida, ba mai 12 ba, don shi gefen kai yake kamawa. In ya wuce nan, buga masa wanda ya ɗan fi shi ƙanƙanta, nan ne ma inci ke da rana: 1/2 a kan 13 da ta cinye. Akwai kuma soket mai murɗaɗɗun haƙora a ciki, wanda ke ƙara nutsewa in ana juyawa.

In tsatsa ce, kamar motocin da suka fito daga Kanada da arewacin Amurka inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, to haƙuri ne kayan aikin. Kankare barimar da burushin waya, fesa man sassauta tsatsa, je ka sha shayi. In ka dawo, ɗan ɗaure kaɗan tukuna, sannan ka kwance, gaba da baya. Wuta tana aiki, amma notin ake gasawa don ya buɗe, kuma ba a kusa da tiyon fetur ko na birki ba. Notin bututun birki shi ma sufanarsa daban, ringi ce mai tsaga a baki, 10 ko 11.

Wadda ta karye, in da ɗan saura a waje, mai walda ya ɗora noti a kai ya cika tsakiyarsa. Zafin kansa yana taimakawa. A cire kan batir kafin a kunna walda, na negatif tukuna. Abin da nake tsoro shi ne siririn ƙarfen nan mai barimar hagu da ake hudawa a zura. Ya fi ƙusar tauri nesa ba kusa ba, in ya karye a ciki abin huda na yau da kullum ba zai ci shi ba.

Notin juye baƙin mai yana ɗiga, an naɗa masa farin tef.

Tef ba ya aiki a nan, don ba barimar ce ke tare mai ba, washa ce. Ta alminiyom ce ko ta jan ƙarfe, tana lotsewa sau ɗaya ta toshe, shi ya sa ake canja ta duk juye. In ba a canja ba sai ta ɗiga, sai a ƙara ɗauri, sai barimar kaskon ta tafi, musamman na alminiyom. Na Honda, mai kai 17, Nm 39 kacal yake so. In barimar ta riga ta tafi, a sa mata zoben waya irin na Helicoil, ko a yanka sabuwa a sa noti mai ɗan girma. Renault da tsofaffin Peugeot ramin murabba'i ne da su, milimita 8. Na giyabos ɗin Honda kuwa bakin hannun soket 3/8 ne ke shiga kai tsaye.

Kilif ɗin tiyon lagireto mai kamar sifirin yana ba ni wahala. In canja shi da mai sukuru?

Bar shi. Roba tana kumbura da zafi tana tsukewa da sanyi, shi kuma yana bin ta. Mai sukuru inda ka bar shi nan yake, in kuma ka matse da yawa ya fasa wuyan lagireto na roba. Filayarsa ta musamman ba ta da tsada, har da mai doguwar waya ta shiga lungu. Na robar shaf kuma mai ɗan kunne ne da ake matsewa sau ɗaya, filayar kafinta ta cire ƙusa tana yi. Wayar ɗauri da ake murɗawa yanka robar take, giris ya watse, shaf ya fara ƙas-ƙas a kwana.

Sababbin kaya masu araha, ko tsofaffi na Turai?

Araha ba ta ado. Tsohuwar Gedore ko Hazet ko Stahlwille ko Facom da ka tsinta a tire ta fi sabon akwati mai kaya ɗari da ba shi da suna. Tafi kasuwa da sabuwar ƙusa mai kai 10 da mai 13 a aljihu, ka gwada. In sufana tana rawa, ko leɓenta ya buɗe, ajiye musu. Bakin Torx da XZN ka duba ko haƙoran sun murɗe. Soket mai ƙyalli na hannu ne, baƙi mai kauri shi ne na bindigar iska. Mai ƙyalli a bindiga tarwatsewa yake yi, kuma fuskarka ce a kusa.

In na gamu da kan da ban taɓa gani ba fa?

Wanke shi da kananzir, haska fitila, ƙirga tsinin, duba ko akwai tsinke a tsakiya. Ɗauki hoto da sufana mai lamba 10 a gefensa don a gane girma. In ƙusar ba za ta bi ka kasuwa ba, yanki sabulun wanki ka jiƙa shi ya ɗan yi laushi, ka danna a kan, ka cire a hankali. Zanen zai fito sarai. Sa shi a gwangwanin ashana ko na madara don kada ya lotse a aljihu, ka kai wa mai kayan aiki, ku gwada baki a kansa ɗaya bayan ɗaya.